Jerin 'Awesome': Kundayen da ke yi wa masu ƙirƙirar manhaja jagora

Jerin Awesome kundaye ne da masu ƙirƙirar manhaja ke tattarawa da kansu a dandalin GitHub, inda suke zayyana tubalan manhaja na kyauta da suka ga sun fi inganci. Tubalin manhaja, wanda masana ke kira laburare, guntun shirin kwamfuta ne da aka riga aka rubuta domin wani aiki guda, kamar nuna hoto, adana bayanai ko haɗa waya da intanet. Mai gina manhaja yakan ɗauko shi ya dasa a aikinsa, maimakon ya fara komai daga tushe. Ana kiran irin waɗannan tubalai masu buɗaɗɗen tushe, saboda kowa na da damar duba yadda aka rubuta su, ya kuma gyara.

Asali

Yawan tubalan ne ya haifar da buƙatar jerin. Rumbun npm kaɗai, na harshen JavaScript, yana ɗauke da sama da miliyan biyu, kuma ba ya bambance tsakanin gari da tsakuwa. A shekarar 2014 wani mai shirya manhaja ɗan ƙasar Norway, Sindre Sorhus, ya buɗe babban jerin mai suna Awesome, wanda ke haɗa sauran jerin wuri guda. A shekarar ce kuma aka buɗe na harsunan Python da Go. A yau akwai na masu gina manhajojin Android da iOS da Flutter da React Native.

Yadda ake tafiyar da su

Kowane jeri takarda ce guda, da aka kasa zuwa rukuni-rukuni. A ƙarƙashin kowane rukuni akwai sunan tubali, adireshinsa da taƙaitaccen bayani. Kowa na iya ba da shawarar a ƙara wani ko a cire, amma masu kula da jerin ne ke yanke hukunci. Yawancinsu 'yan sa-kai ne da ba a biyansu. Babban jerin yana da sharuɗɗa, ciki har da cewa sabon jeri sai ya cika kwana 30 da buɗewa kafin a karɓe shi.

Iyakarsu

Shigar tubali cikin jeri ba shaida ba ce cewa an tantance tsaronsa, kuma wani yakan ci gaba da zama a ciki bayan mai shi ya daina kula da shi. Dogaro da aikin wasu na da haɗari. A watan Maris na 2016, janye wani tubali mai layi 11 kacal, mai suna left-pad, daga npm ya tsayar da dubban ayyuka. A Disamban 2021 kuma, ɓarakar da aka gano a Log4j ta jefa kamfanoni da hukumomi a faɗin duniya cikin barazanar kutse.

Don haka ƙwararru kan duba ranar da aka sabunta tubali na ƙarshe, da yawan masu kula da shi, da kuma lasisinsa. Lasisin MIT da Apache 2.0 sun yarda a sa tubali a manhajar kasuwanci ba tare da bayyana tushenta ba, yayin da GPL ya wajabta wa wanda ya rarraba manhajar ya buɗe nasa tushen a kan sharuɗɗa iri ɗaya.