TARIHIN CIWON KARKARWA: DAGA TITIN LANDAN ZUWA AGOGON HANNU

 Maganarmu ta yau a kan wani ciwo ce da ya fi kama waɗanda suka manyanta, wanda likitoci su ke kira ciwon Parkinson, mu kuwa mu kan ce ciwon karkarwa. In mai shi yana zaune sai ka ga hannunsa yana rawa, babban yatsa yana murza manuni kamar mai kaɗi. In ya tashi tafiya sai ya duƙa gaba, taku gajere gajere, yana jan ƙafa. Fuska ta daina walwala, murya ta yi ƙasa. Waɗansu su ce tsufa ne, waɗansu su ce sammu ne ko iska, har a riƙa ɓoye dattijo a ɗaki don kunya. Lalle ba haka ba ne. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba a kuwa ɗaukarsa ta cin abinci tare ko musafaha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu shi sun wuce miliyan 8 da rabi a shekarar 2019, watau sun ninka a cikin shekara 25. Wanda ya ga Muhammad Ali ɗan dambe yana kunna wutar wasannin Olamfik a Atlanta a 1996, hannunsa yana rawa, to, ya ga wannan ciwo.

Zan ba ku labarin yadda aka gane shi, da yadda aka sami magani, da yadda aka zo ga agogon da ke auna shi.

Likitan da ya tsaya ya duba

James Parkinson likita ne na unguwa. An haife shi a 1755 a Hoxton, cikin birnin Landan, nan kuma ya yi aikinsa har ya rasu a 1824. A 1817 ya buga wani ɗan littafi a kan abin da ya kira shanyewa mai karkarwa. Mutum shida kaɗai ya yi bayaninsu a ciki. Uku daga cikinsu ma ba a ɗakin magani ya gan su ba, a titi ne. Biyu ya tare su ya yi musu tambayoyi, ɗaya kuwa daga nesa ya hange shi. Ba shi da wata na'ura sai idonsa, amma ya rubuta yadda ciwon ke farawa a hankali har mutum ba ya iya tuna ranar da ya soma, da yadda ya kan fara da hannu ɗaya, da yadda mai shi ya kan duƙa gaba har tafiya ta koma kamar sassarfa. Bai san abin da ke kawo shi ba, ba shi kuma da maganin kirki, sai ya roƙi masu binciken gawa su nemo inda cutar ta ke.

Aka yi wajen shekara hamsin ba a kula da littafin sosai ba. Sa'an nan wani babban likita na Faransa, Jean-Martin Charcot, wanda ke aiki a asibitin Salpêtrière a birnin Faris, ya ɗauko maganar. Shi yana da majinyata da yawa a hannunsa. Ya lura ba kowane mai ciwon ke karkarwa ba, kuma ƙarfin jiki bai tafi ba kamar na shanyayye, abin da ya fi damunsu shi ne sandarewar gaɓoɓi da nawar motsi. Don haka ya ce sunan shanyewa bai dace ba, a sa masa sunan Parkinson. Ya kan ba su magani daga wani tsiro mai dafi, ɗan'uwan zaƙamin da muka sani, wanda ya kan ɗan rage karkarwa. Da ya ji majinyatansa suna cewa su kan sami sauƙi bayan doguwar tafiya a jirgin ƙasa ko keken doki, har ya sa aka ƙera musu kujera mai jijjiga. Amma ba ta warkar da kowa ba.

Inda cutar ta ke

Roƙon Parkinson bai sami amsa ba sai bayan shekara ɗari. A 1912 Friedrich Lewy ya ga waɗansu ɗigo-ɗigo a cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar masu ciwon. A 1919 kuma Konstantin Tretiakoff, a Faris, ya nuna akwai wani ɗan wuri baƙi can ƙasan ƙwaƙwalwa wanda ya kan koɗe a jikinsu, domin ƙwayoyinsa sun mutu.

To, mene ne aikin wannan wuri? A 1957 Arvid Carlsson, a ƙasar Suwidin, ya ba zomaye wani magani da ya sa suka kwanta lakwas, ba motsi. Da ya yi musu allurar wani abu mai suna lebodofa, ba da jimawa ba suka miƙe suna tsalle. Ya gane jiki ne ke juya lebodofa ya zama dofamin, dofamin kuwa shi ne ɗan aiken da ke kai umurnin motsi a cikin ƙwaƙwalwa. Saboda wannan aiki aka ba shi kyautar Nobel a shekarar 2000. A 1960 Oleh Hornykiewicz da abokin aikinsa, a birnin Biyana, suka auna ƙwaƙwalwar masu ciwon da suka rasu, suka tarar dofamin ya yi ƙaranci ƙwarai. A 1961 shi da Walther Birkmayer suka yi wa majinyata allurar lebodofa, waɗanda suka daɗe a kwance suka tashi suka taka, amma na 'yan sa'o'i kaɗan. Wanda ya gano hanyar shansa shi ne George Cotzias a Niyu Yok, a 1967. Ya fara da kaɗan, ya riƙa ƙarawa sannu sannu don kada amai ya hana. A 1975 aka fito da shi haɗe da kabidofa, wanda ke tsare shi kada jiki ya cinye shi kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Har wa yau wannan haɗi shi ne babban maganin ciwon.

Ga wani abin mamaki. Masu maganin gargajiya na Indiya sun daɗe suna ba masu karkarwa 'ya'yan ƙarara, wannan mai ƙaiƙayi da ke yaɗo a dajinmu, a 1937 kuwa aka tarar akwai lebodofa a cikinsu. Amma fa kada kowa ya ji haka ya tafi ya daka ya ba tsoho. Ƙarfinsa ba ɗaya ba ne daga tsiro zuwa tsiro, in ya yi yawa yana kawo amai da ruɗewa. Zaƙami kuwa guba ne, yana kisa.

Sabuwar wahala

Lebodofa ba ya hana ƙwayoyin nan mutuwa, cike gurbin abin da ya ɓace ya ke yi. A shekarun farko ƙwaya ɗaya ta kan riƙe mutum har lokacin ta gaba. Bayan 'yan shekaru sai ƙarfinta ya riƙa ƙarewa da wuri. Mutum yana tafiya lafiya da hantsi, da azahar ya sandare kamar an kashe fitila. Wani kuma in magani ya kai ƙarfinsa sai jiki ya riƙa murɗawa yana wutsil-wutsil ba da sonsa ba. Gyaran wannan yana hannun likita, watau ya canja yawan ƙwaya ko lokacinta. Amma yaya zai gyara abin da bai gani ba? Mai ciwo ya kan zo asibiti sau biyu ko uku a shekara, a duba shi rubu'in sa'a.

Na ga wannan da idona. Akwai wani dattijo, tela ne a da, wanda kullum ya kan zo mana da ƙarfe goma, bayan ya sha ƙwayarsa da sa'a ɗaya. Sai a gan shi garau, a ce ya ci gaba yadda ya ke. 'Yarsa ta bi ni waje ta ce, “Malam, da za ku ga Baba da la'asar, ko buta ba ya iya ɗauka.” Na ba ta littafin makaranta, na ce ta riƙa rubuta lokacin shan magani da lokacin da ya ke sandarewa, har mako biyu. Da likita ya karanta, ya raba masa maganin kashi huɗu maimakon uku, dattijon ya koma fita ƙofar gida da yamma. Asibitocin Turai da Amurka ma da irin wannan takarda suka daɗe suna aiki, ana cika ta kowane rabin sa'a. Aibinta shi ne mantuwa, da kuma wahalar rubutu ga mai hannu yana rawa.

Agogo da waya

Nan ne na'urorin sawa a jiki suka shigo. A cikinsu akwai wani ɗan ma'aunin motsi wanda bai fi ƙwayar shinkafa ba, irin wanda ke juya hoto in ka karkata wayarka. Karkarwar wannan ciwo tana da ƙidayarta, sau 4 zuwa 6 a daƙiƙa ɗaya, don haka kwamfuta tana iya rarrabe ta da sauran motsi.

A birnin Melbourne na Ostireliya likita Malcolm Horne da abokan aikinsa suka ƙera wani agogo mai suna PKG, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2014. A kan ɗaura shi wajen mako guda, dare da rana. In lokacin magani ya yi sai ya girgiza, mai shi ya taɓa shi alamar ya sha. A ƙarshe ya fitar da zane mai nuna sa'o'in da jiki ya yi nawa da sa'o'in da ya yi wutsil-wutsil, likita ya gwada da lokutan ƙwaya. A 2015 aka fito da mPower a wayar iPhone, dubban mutane a Amurka suka shiga. Mutum ya ƙwanƙwasa gilashin waya da yatsu biyu, ya ja murya na daƙiƙa goma, ya sa waya a aljihu ya yi taku ashirin. A 2022 aka amince da StrivePD, mai aiki da agogon Apple. A 2023 hukumar NICE ta Ingila ta yarda asibitocin gwamnati su yi aiki da irin waɗannan na'urori guda biyar, da sharaɗin a ci gaba da tara shaidar amfaninsu. A wannan shekara kuma masu bincike na Jami'ar Cardiff suka duba bayanan mutum sama da 100,000 da suka taɓa ɗaura ma'aunin motsi na mako ɗaya, suka tarar nawar motsi tana iya nunawa har shekara 7 kafin likita ya tabbatar da ciwon.

Akwai kuma waɗanda ke taimako kai tsaye. A 2013 aka fito da cokali mai suna Liftware, wanda ke gyara kansa in hannu ya yi rawa don kada miya ta zube. Tun 1987 Alim-Louis Benabid, a Grenoble ta Faransa, ya fara dasa siririyar waya cikin ƙwaƙwalwa mai aika ɗan lantarki don kwantar da karkarwa. A 2025 Amurka ta amince da wata irinta mai sauraron ƙwaƙwalwa, ta ƙara ko ta rage lantarkin da kanta.

Amma ku sani agogo ba ya warkarwa, ba kuma shi ne likita ba. Yana iya ɗaukar mai hutawa a kujera ya ce ya sandare, ko ya ɗauki jijjigar babur ya ce karkarwa ce. Ba ya ganin taurin bayan gida, ko baƙin ciki, ko jiri in an miƙe tsaye, alhali waɗannan su kan dami mai ciwo fiye da rawar hannu. Yana da tsada, yana son caji da intanet. Kuma tun da labarin jikinka ya ke aikawa, ka tambayi wanda zai gani kafin ka yarda.

Abin da za mu yi a gida

A nan ƙasarmu ƙwayar ma ba a kowane kantin magani a ke samunta ba, balle agogo. To, me ya rage mana? Abin da agogo ke yi shi ne abin da Parkinson ya yi a titi, watau duban mutum cikin harkarsa ta yau da kullum. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. Ga abu biyar:

1. In kun ga dattijo da waɗannan alamu, ku kai shi asibiti. Ba kowace karkarwa ce wannan ciwo ba, likita ne zai rarrabe.
2. Ku sa ƙararrawar waya ta riƙa tuna muku lokacin magani. Zai fi kyau a sha shi rabin sa'a kafin abinci, domin nama da wake da nono su kan rage masa ƙarfi. Kada a daina shi farat ɗaya, akwai haɗari, don haka a nemi wani tun na hannu bai ƙare ba.
3. Ku ajiye littafi, ku rubuta lokacin ƙwaya, da lokacin sandarewa, da ranar da ya faɗi.
4. In ya yarda, ku ɗauki bidiyonsa da waya a lokacin da jiki ya fi tsanani, ku nuna wa likita. Gani ya kori ji.
5. In ƙafa ta kafe a bakin ƙofa, kada ku ja shi. Ku ƙirga masa ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, ko ku ja layi a ƙasa ya tsallake. Ku bar shi ya riƙa tafiya kullum, ya zauna cikin mutane, domin motsa jiki yana cikin magani.

Wanda ke da tambaya ya zo asibiti mafi kusa da shi, ya zo da littafinsa da kwalin maganinsa.