Agogon Farkarwa da Mutanen Harlem

A ƙasar Hausa, tun zamanin kaka da kakanni, carar zakara da kiran assalatu ne ke tashin mutane daga barci. Amma wanda neman abinci ya kai unguwar Harlem ta birnin New York, inda babu zakara, kuma ba a cika jin ladan daga cikin ɗaki ba, dole ya jingina da wani ɗan ƙarfe mai ƙararrawa da ke gefen gadonsa. Wannan ɗan ƙarfe kuwa yana da dogon tarihi.

An ce a shekarar 1787 wani Ba'amurke, Levi Hutchins, ya ƙera wa kansa agogon farkarwa, sai dai ba ya bugawa sai ƙarfe 4 na asuba kaɗai. A 1847 Antoine Redier na ƙasar Faransa ya yi rajistar wanda mai shi zai iya tsayar wa lokacin da ya ga dama. Wajen 1909 kuma kamfanin Westclox ya fito da Big Ben, wanda murfin bayansa ne ƙararrawar, don haka ƙararsa ke cika ɗaki.

Ba da daɗewa ba baƙaƙen fata suka yi ta ƙaura daga gonakin kudancin Amurka zuwa Harlem. A gona rana ce agogo, amma a birni wanda ya makara zai iya rasa aikinsa. Cikinsu akwai masu hidima a taragon barci na jiragen ƙasa na kamfanin Pullman, waɗanda su ne ke tashin fasinja kafin a isa tasharsa, alhali su kansu sukan yi aikin awa 400 a wata. A Harlem ɗin ne suka kafa ƙungiyarsu ran 25 ga Agusta, 1925, a ƙarƙashin A. Philip Randolph.

Mai sammako yana bukatar ganin lokaci cikin duhu, shi ya sa maƙera suka shiga shafa wa fuskar agogo fenti mai sinadarin radiyam. 'Yan matan da ke wannan aiki a Orange ta Jihar New Jersey, da Ottawa ta Jihar Illinois, an koya musu daidaita tsinin buroshi da leɓe. Gubar ta cinye musu muƙamuƙi, da dama suka rasu. Biyar daga cikinsu suka kai ƙara, aka biya su diyya a 1928. Daga bisani aka daina amfani da radiyam.

A 1931 Westclox ya fito da agogon da ke fara bugawa a hankali kafin ya ɗaga murya, don kada mai barci ya firgita. A 1942 yaƙi ya sa aka dakatar da ƙera agogon farkarwa a Amurka, amma a 1944 aka sake ba da izini, saboda ma'aikata na makara. A 1956 kuma General Electric ya ƙara maɓallin da ke ba mutum 'yan mintocin ƙarin barci.

Tun daga shekarun 1980 'yan Afirka ta Yamma suka soma zama a kewayen Titi na 116, inda Masallacin Malcolm Shabazz yake. A nan alfijir kan keto kafin ƙarfe 4 a watan Yuni, amma sai wajen ƙarfe 6 a Disamba. Ke nan agogon Hutchins ba zai yi musu rana ba; shi ya sa agogo mai kiran salla, da wayar hannu mai lissafin lokutan salla, suka sami karɓuwa.

Wannan tarihi ya nuna abin da ake nema ga agogon kirki: sauƙin tsayar da lokaci, fuskar da ake karantawa cikin duhu ba tare da cutarwa ba, murya mai tashin mutum ba ta razana iyalinsa ba, da batirin da zai riƙe shi idan wuta ta ɗauke. Sauran aikin kuwa na mai agogon ne, domin Bahaushe ya ce da sanyin safiya ake kama fara.