Holdar Ƙwan Fitila Da Abubuwan Da Aka Daɗe Ana Liƙa Mata

Cikin kayan wutar da ke shigowa daga Caina, su bi ta kasuwar Alaba su iso mana nan Ibadan, akwai wani ɗan abu fari da bai kai kofin shayi ba, ana haɗa shi da ƙaramin rimot a kwali ɗaya. Za ka cire ƙwan fitilarka, ka murɗa wannan abu a cikin holda, sannan ka mayar da ƙwan a bakinsa. Shi ke nan, kana kwance ka kunna, kana kwance ka kashe. Ba a fasa bango ba, ba a ja sabuwar waya ba, ba a je neman iznin mai gida ba. Ga unguwa irin Sabo, inda da yawanmu ’yan haya ne, wannan ba ƙaramin abu ba ne, musamman ga dattijon da zai tashi da asuba yana laluben makunni a can bakin ƙofa, ga buta da tabarma da yara kwance a hanya.

Matasa suna ɗaukar abin sabon yayi ne. To, rimot ɗin kaɗai ne baƙo. Dabarar soka wani abu tsakanin holda da ƙwai ta haura shekara ɗari.

A 1879 ne Thomas Edison ya samu ƙwan da ke daɗewa yana ci, a ɗakin bincikensa na Menlo Park a Amurka. Sai wata matsala ta taso: da me za a riƙe ƙwan idan an rataye shi kansa na kallon ƙasa? Ba a jima ba suka fito da gindi mai murɗi, wanda mu ke kira na sukuru. Ana ba da labarin cewa murfin galan ɗin kananzir ne ya ba su dabarar, kuma duk wanda ya taɓa aiki da fitilar ƙwai ba zai yi mamaki ba. Sunan Edison yana nan a jikin kwalin ƙwan da ka saya jiya. Idan ka ga an rubuta E27, E ɗin nan Edison ne, 27 kuma faɗin gindin ne da milimita. Na Amurka E26 ne.

A Ingila kuwa Joseph Swan yana nasa aikin a garin Newcastle a daidai wannan lokaci, har daga baya kamfaninsa da na Edison suka haɗe a 1883. Amma can gindi mai ’yan ƙusoshi biyu aka runguma, wanda ake turawa a ɗan juya ya kama, kamar yadda soja ke ɗaura banati a bakin bindiga. Shi ne B22, mu kuma mu ce na fin. Da Turawan mulki suka kawo lantarki Legas a ƙarshen shekarun 1890, nasu suka kawo, shi ya bi sauran garuruwa. Wannan ne dalilin da ya sa tsofaffin gidajenmu holdar fin ce a cikinsu, kuma har gobe mai shago sai ya tambaye ka: sukuru ko fin?

Adafta ta farko rigimar kasuwa ce ta haife ta. A Amurka ta wancan zamani kowane kamfani da irin gindin ƙwansa. Na Westinghouse daban, na Thomson-Houston daban, na Edison daban, kuma wanda ya ja maka waya shi zai ci gaba da sayar maka da ƙwai. A 1892 kamfanin Edison da Thomson-Houston suka haɗe suka zama General Electric. Daga baya aka riƙa sayar da ’yar adafta mai araha da ke sa ƙwan Edison ya shiga holdar wasu, don kada mutum ya sake wayar gidansa. Sannu a hankali sauran suka ɓace. A ganina wannan ya fi ƙwan kansa tasiri. Ƙwan ya canja sau nawa? Mai zaren gawayi, mai zaren tungsten da ke ƙona hannu, mai lanƙwasa ɗin nan da muka kira enaji seba, yanzu ga LED. Gindin yana nan yadda yake.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, gidajen farko da aka ja wa wuta ba su da soket a bango. Don haske aka ja wayar, holda ce kaɗai ƙofar wuta a ɗaki. Da dutsen guga da fanka suka fito, sai matar gida ta hau kujera, ta cire ƙwai, ta murɗa wayar dutsen a gurbinsa. Wayar kuma ta yi ta nannaɗewa. Wani Ba’amurke, Harvey Hubbell, shi ya yi suna a nan. A 1896 ya yi rajistar holda mai ’yar sarƙa da ake ja ta kunna a ja ta kashe, wato makunnin ya koma jikin holdar kanta. A 1904 kuma ya fito da abin da ake murɗawa a holda a bar shi, sai dai a soka filogi a cire. Kakan soket ɗin bangonka ke nan.

Haka ma a Japan. A 1918 wani matashi, Konosuke Matsushita, ya buɗe ɗan wurin aiki a gidan haya a Osaka, shi da matarsa da ƙanenta. Kayan da suka fara ɗaga shi su ne filogin da ake murɗawa a holda, da holda mai baki biyu, ɗaya na ƙwai ɗaya na dutsen guga, saboda gidaje da yawa holda ɗaya tak gare su. Wannan ɗan wurin shi ya zama kamfanin da ya yi rediyon National da iyayenmu suka saurari labarai da shi, Panasonic na yau. Mu ma ai ba mu bar wannan al’ada ba. Ku dubi shagunan bakin titi, za ku ga holda mai kafar filogi a gefe, an jona cajar waya ko rediyo.

Shi rimot hanyarsa daban ce. Nikola Tesla ya nuna ɗan jirgin ruwa da yake sarrafawa da igiyar rediyo a Niyok a 1898, amma talabijin ce ta shigo da rimot gida. Kamfanin Zenith ya yi na farko a 1950, mai doguwar waya da mutane ke tuntuɓe da ita. A 1955 Eugene Polley ya yi wanda ke haska allon kamar tocila, sai dai hasken rana ma yakan canja tasha. Shekara ɗaya bayan nan Robert Adler ya yi mai ’yan sandunan alminiyam a ciki, kana dannawa su ba da sautin da kunnen mutum ba ya ji, ko batir babu. Lokacin da WNTV ta buɗe a nan Ibadan a 1959, da shekaru da yawa bayan haka, rimot ɗin gidajenmu ƙaramin yaro ne.

Hanyoyin biyu sun haɗu a 1975, a garin Glenrothes na Sikotlan, inda kamfanin Pico Electronics ya ƙirƙiro tsarin X10. Dabarar tana da kyau: saƙon kunnawa da kashewa ta cikin wayar wutar gidan yake bi. Kowane gida ya zaɓi harafi ɗaya daga A zuwa P, kowace fitila lamba ɗaya daga 1 zuwa 16, adireshi 256 ke nan. A 1978 aka fara sayar da shi a shagunan Amurka, daga baya aka yi masa irin wanda ake murɗawa a holda. Aibinsa kuwa, saƙon ba ya tsayawa a bakin ƙofarka. Maƙwabcin da kuke taransifoma ɗaya, idan harafinku ya zo ɗaya, yana iya kashe maka fitila kana cin tuwo. Ku ƙiyasta wannan a gidan haya mai ɗaki goma sha biyu da mita ɗaya.

Waɗanda ke zuwa mana yanzu yawanci da igiyar rediyo suke aiki, sau da yawa 433 MHz, shi ya sa suke ratsa bango. Wasu irin na talabijin ne, sai ka saita rimot ɗin. Akwai kuma masu Wi-Fi da ake sarrafawa da wayar hannu, yayin da ya bazu bayan Philips ya fito da ƙwan Hue a 2012.

Tarihin nan duka yana biyo mutum har shago. Galibin adaftocin na sukuru ne, gidanka kuma na fin, don haka sai ka ƙara wata adaftar a sama. Abin ya yi tsawo ya yi nauyi, kuma idan holdar a jikin waya take lilo, wayar ce ke ɗauke da nauyin. Gara a kira mai gyaran wuta ya canja holdar gaba ɗaya, kuma a tsaya a kansa ya sa layif a ɗigon tsakiya, nutural a jikin murɗin. Idan ya juya su, ƙarfen da yatsanka ke taɓawa wajen canja ƙwai yana ɗauke da wuta. Kayan tokumbo na Amurka kuma na wuta 120 ne, tamu 230, yana shiga holdar lafiya lau ya ƙone. A duba adadin wat da aka rubuta a jiki, kada a jona masa dutsen guga irin na mutanen da. Makunnin bango dole ya zauna a kunne, domin abin yana shan ’yar wuta dare da rana yana jiran umarni, kaɗan ce amma mita mai kati tana ƙirgawa.

Sai babbar tambaya, wadda masu ƙera shi ba su cika damuwa da ita ba don wutarsu ba ta ɗaukewa. An kafa NEPA a 1972, ta koma PHCN a 2005, IBEDC ta karɓi yankinmu a 2013, amma har yau muna barin ƙwai ɗaya a kunne don mu san an kawo wuta, a tashi a yi caji, a kunna famfo, a kashe janareta. Wasu adaftocin idan wuta ta dawo kunnawa suke yi da kansu, ko da ka kashe su kafin ka kwanta, sai haske ya tashe ka ƙarfe biyun dare. Wasu kuma shiru suke yi sai an danna, a kawo wuta a ɗauke ba ka sani ba. Kafin ka biya kuɗi, ka sa mai shago ya jona shi, ya zare filogi, ya mayar a gabanka ka ga wanne ne.