Samanja Mazan Fama: abin da ya kamata kundin sani ya adana

Daga cikin wasannin ban dariya na Hausa da aka nuna a talabijin, kaɗan ne suka kai Samanja Mazan Fama shahara. Wanda ya ƙirƙiro shi, Usman Baba Pategi, Banufe ne, ya kuma yi aikin soja a Nijeriya. Wasan ya soma a gidan rediyon Kaduna cikin shekarun 1970, daga baya ya koma talabijin. Pategi ya rasu a watan Nuwamba na 2023.

Waɗannan bayanai su ne ƙashin bayan kowane babi da za a rubuta kan wasan a kundin sani, amma ba su wadatar ba, domin gishirin wasan a harshensa yake. Samanja yana magana da Hausar bariki gauraye da Turancin soja. Ita Hausar bariki, wato barikanci, ta bunƙasa ne zamanin mulkin mallaka, lokacin da Hausa ta zama harshen da ke haɗa sojojin ƙabilu daban-daban. An san ta da sakin bambancin jinsi, inda "ya" ke maye gurbin "ta", da kuma furta ƙ da ɗ da ɓ tamkar k da d da b. Sunan wasan ma shaida ne: samanja muƙamin soja ne na Ingilishi da bakin Bahaushe ya lanƙwasa, kamar saje da kofur. A Nijar, Faransanci ne ya bar irin wannan sawu, misali jandarma da kumandan.

Matsalar da ke gaban mai bincike ita ce ta hujja. Irin waɗannan wasanni sun fi dogara ga baki bisa ga takarda, kamar yadda Janet Beik ta nuna game da ƙungiyoyin wasan Nijar a littafinta na 1987. Saboda haka faifai da tsofaffin ƴan wasa su ne madogara, kuma dukkansu ba sa jiran kowa.

Wajibi ne a kwafe maganar yadda aka furta ta. Mai rubutun da ya daidaita Hausar Samanja bisa ƙa'idar nahawu ya share abin da ya zo adanawa, ya kuma hana masu tsara littattafan yaƙi da jahilci sanin yadda Hausa ke fita daga bakin wanda bai tsotse ta a nono ba.