Tsofaffin Gidajen Kudancin Kaduna: Asalinsu da Dalilin Farin Jininsu

Gabatarwa

Idan tsohon gida ya fito kasuwa a Barnawa ko Kakuri, dillali yakan fara yabonsa da cewa "ginin da ne". Daga nan sai ya ƙwanƙwasa bango don a ji kaurinsa, ya nuna tsawon silin, da daɓen tarazo, da ƙyauren maɗaci wanda gara ta kasa ci. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin waɗannan gidaje na ƙetaren kogin Kaduna ta kudu, ta nuna zamanin da ya haife su, da abin da ke jawo mai saye gare su, da kuma abin da tarihi yake asara a duk lokacin da aka rushe ɗaya daga cikinsu.

Zamanin Reluwe

Kaduna gari ne na jiya jiya idan aka gwada shi da Kano ko Zariya. A shekarar 1917 ne aka dawo da hedkwatar Jihar Arewa nan daga Zungeru, bisa zaɓin da Gwamna Lugga ya yi tun da farko. Ofisoshin gwamnati da gidajen manyan Turawa an kafa su ne a arewacin kogi. Kudanci kuwa ya tashi ne a kan hanyar jirgin ƙasa, musamman bayan da layin Fatakwal ya biyo ta Kafanchan ya haɗu da layin Ikko zuwa Kano a shekarun 1920. A gefen wannan mahaɗa aka gina kwatas na ma'aikatan reluwe.

An gina gidajen wannan zamani tun kafin na'urar sanyaya ɗaki, saboda haka ginin kansa shi ne maganin zafi. Bango mai kauri ne, rufi mai tsawo, ga baranda da ke tsare bango daga rana, ga tagogi suna fuskantar juna domin iska ta ratsa. Amma kuma tsarin yana ɗauke da bambancin daraja irin na mulkin mallaka: babban ma'aikaci yana da fili mai faɗi da boskwata a baya, lebura kuwa ɗaki ne a jere, da bayan gida na tarayya.

Zamanin Masaƙu

Zango na biyu ya zo da masana'antu. A 1957 masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri, da haɗin gwiwar gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello da kamfanin David Whitehead na Ingila. A shekarun 1960 masaƙun Nortex da Arewa da UNTL suka biyo baya, tare da ma'aikatar ƙera makamai wadda aka kafa a 1964. Sa'an nan a 1975 kamfanin Peugeot ya buɗe wurin haɗa motoci. Dubban ma'aikata suka kwararo daga sassan Nijeriya, unguwanni irin su Makera da Nasarawa suka cika, kuɗin man fetur na shekarun 1970 kuma ya bunƙasa Barnawa da rukunin gidaje na ma'aikata manya da ƙanana.

Yawancin abin da mai saye yake sha'awa a yau, na wannan zango ne: tarazo, da tagogin gilashi masu yanka-yanka da ake buɗewa da ɗan hannu, da kabad ɗin katako da aka gina a jikin bango, da bulo mai huji-huji a baranda. Har ila yau, ga itatuwan mangwaro da darbejiya waɗanda masu gidan na farko suka dasa, inuwar da kuɗi ba ya sayenta rana ɗaya.

Gida da Harshe

A nan ya kamata masu nazarin harshe su lura da wani abu. Gidan Bahaushe na gargajiya yana juya wa titi baya, watau daga zaure sai ƙofar gida, sa'an nan cikin gida inda iyali suke. Gidan kwatas kuwa fuskantar titi yake yi, baƙo yana shiga sai ya tarar da kansa a falo. Da Hausawa suka shiga irin waɗannan gidaje, sai suka kewaye su da katanga, wasu suka mai da gareji ko baranda wurin ganawa da baƙi a madadin zaure, matan gida kuma suka kafa murhu a tsakar gida, kicin na ciki ya koma wurin ajiya. Kalmomi irin su falo, kicin, sito, silin, gareji, baranda da boskwata, a irin waɗannan gidaje suka sami gindin zama a bakin Bahaushe. Ashe ke nan kowane gyara da aka yi wa ginin shaida ce ta yadda al'adu biyu suka yi ciniki a kan muhalli.

Yadda Suka Fito Kasuwa

Dalilai uku ne manya suka fitar da gidajen nan kasuwa. Na farko shi ne durƙushewar masaƙu, wadda ta biyo bayan faɗuwar darajar naira tun daga 1986, da ƙarancin lantarki, da fasa-ƙwaurin atamfa. KTL ta rufe a 2002, UNTL kuma ta dakatar da aiki a 2007, ma'aikata da yawa suka sayar da abin da suka mallaka suka koma garuruwansu. Na biyu shi ne rikice-rikicen Fabrairu 2000 da Nuwamba 2002, waɗanda suka sa Musulmi da yawa suka ƙaura zuwa arewacin kogi, Kirista da yawa kuma suka koma kudu. A lokacin an sayar da gidaje cikin gaggawa, har wasu suka yi musanya, maƙwabtakar shekaru aru-aru ta watse. Na uku shi ne manufar gwamnatoci ta sayar da gidajensu, ta tarayya tun daga zamanin Obasanjo, ta jiha kuma a zamanin Gwamna Nasiru El-Rufa'i. A kan waɗannan sai a ƙara rabon gado, domin gida ɗaya ba ya rabuwa tsakanin magada goma sai an mai da shi kuɗi.

Kammalawa

Masu sayen tsohon gida iri biyu ne. Akwai mai son ginin, wanda zai wanke tarazo, ya canza wayoyin lantarki da famfo, ya cire silin na asbestos saboda illarsa ga huhu, ya zauna. Akwai kuma mai son fili, wanda idonsa yake kan faɗin fuloti da takardar mallaka. Shi kam kafin damina ta zagayo ya rushe, ya tayar da bene ko jerin shaguna. Ba za a zarge shi ba, domin gari yana girma kuma jama'a suna bukatar muhalli.

Sai dai gadar ƙafa ta Lugga, da aka ɗauko daga Zungeru a 1954, ta tsira ne domin an yi mata rajista cikin kayan tarihi. Ɗakin da masaƙi ya yi renon 'ya'yansa a Kakuri ba shi da mai yi masa wannan gata. Abin da ya rage ga malamai da ɗalibai masu neman batun bincike shi ne su auna waɗannan gidaje, su zana taswirarsu, su ɗauki hotunan cikinsu, su kuma naɗi bayanin dattawan da suka zauna a ciki tun suna da rai. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an adana ta.