Zurma: Daga Jujin Zangon Lome zuwa Lambunan Turai

Zurma tsiro ne mai faffaɗan ganye da ya rarrabu kamar yatsun hannu, wanda masana tsirrai ke kira Ricinus communis. Wasu Hausawa kan ce masa cika-gida. Tarihinsa ya nuna yadda abin da ake raina wa a wani wuri kan zama abin ado a wani wurin.

A shekarar 1897 Jamusawa suka mayar da Lome hedikwatar mulkinsu na Togo, fatake Hausawa kuma suka yi ta sauka a unguwar da ake kira Zango. A 1977 gwamnati ta tashi unguwar daga tsakiyar gari, aka mayar da mutanenta Togblekope, kimanin kilomita 15 arewa da birnin. A irin wannan yanki na bakin teku zurma ba ya bukatar mai shuka shi. Da kansa yake fitowa a kan juji da bakin kwata da cikin kango. Da yake babu sanyin da zai kashe shi, yakan yi shekaru har ya zama ƙaramar bishiya. Abin da aka sani da shi shi ne man 'ya'yansa, na wankin ciki. A zamanin Faransawa ma 'ya'yan ne aka riƙa fitarwa ta gaɓar Lome, domin mansu ya yi suna wajen shafa wa injin jirgin sama.

Masu lambu a Turai kuwa ganyen suka ƙyalla wa ido. Tun wajen 1860 Barillet-Deschamps ya fara ƙawata lambunan birnin Faris da tsirran ƙasashe masu zafi. John Gibson ya bi sahu a lambun Battersea na Landan, sannan a 1871 William Robinson ya wallafa littafi a kan wannan salo. Zurma ya samu shiga saboda saurin girmansa da arhar irinsa. Har yau akwai nau'in da ake kira Gibsonii mai ganye ja-ja, da Zanzibarensis wanda faɗin ganyensa kan kai rabin mita.

Sai dai hidimar ba kaɗan ba ce. Akan jiƙa irin ya kwana a ruwa, a shuka shi a tukunya cikin ɗaki mai ɗumi wajen watan Maris ko Afrilu. Ba a dasa shi a fili sai ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, bayan jaura ta wuce. Yana son rana da taki da ruwa, da kuma wurin da iska ba za ta yayyaga ganyen ba. Kafin Satumba yakan kai mita 2 ko fiye, amma daren farko da ƙasa ta daskare ya gama da shi. Wato tsiron da Bahaushen Zango ke sarewa don ya tsare hanya, shi Bature ke raino kamar jinjiri, kuma kowace shekara sai ya sake daga farko.

Akwai haɗari a ko'ina. 'Ya'yan zurma na ɗauke da gubar risin, wadda Stillmark ya gano a 1888. Gubar ba ta bin man da aka tace. A tunkuza take zama. Shi ya sa masu lambu da yawa ke yanke huda kafin ta yi 'ya'ya, matakin da ba a ɗauka a kan zurman juji, inda yara da awaki ke kai-kawo.