Daga Tabarma Zuwa Kanofi: Tarihin Bikin Tsakar Gida a Sabo

Kwanakin baya wani maƙwabcina ya tare ni bayan sallar Isha'i, ransa a jagule. Zai aurar da 'yarsa ta fari. Shi yana so a yi komai a gida, uwar yarinya da ƙawayen amarya kuma sun kafe sai an kama hol. Ya ce, "Malam, kuɗin da suka yanka mini na awa biyar ya fi na gado da katifar da zan saya mata. Amma wai bikin gida na matsiyata ne." Na ce, "Alhaji, in haka ne, to iyayenmu da suka kafa unguwar nan duk matsiyata ne ke nan, har da waɗanda ake saukar wa shanu garke-garke." Muka yi dariya muka rabu, amma maganar ta tsaya mini a rai. Shi ya sa na ga ya dace mu waiwaya, mu ga yadda na gabanmu suka riƙa tara ɗaruruwan mutane a tsakar gida a nan Badun, kowa ya ci ya sha ya kwana, ba tare da an kama ɗaki ko ɗaya da kuɗi ba.

Gidan da ya saba da baƙi

Kafin 1916, yawancin Hausawan Badun suna zaune ne a cikin gari, wajajen Oja'ba, a gidajen Yarabawan da suka ba su masauki. Wanda ke ɗakin aro kuwa ba shi da tsakar gidan da zai ce tasa ce, balle ya tara jama'a. A 1916 aka ware wa Hausawa Sabo, kuma daga nan ne mutanenmu suka fara gina gidaje irin na gida: zaure a gaba, tsakar gida a ciki, mata a killace.

Abin da ya raya unguwar shi ne fatauci. Titin jirgi ya iso Badun a 1901, a 1912 kuma aka haɗa Ikko da Kano. Shanu suna gangarowa kurmi, goro yana haurawa Arewa. A tsakiyar wannan harka akwai masu gida. Maigida shi ke saukar da falke, ya ba shi ɗaki, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya tsaya masa in an karɓi shanunsa bashi. Wani masani daga Ingila, Abner Cohen, ya zauna a unguwar nan tsakanin 1962 da 1963, ya kuma fitar da littafi a kanta a 1969. Cikin abin da ya lura da shi akwai yadda masu gida ke riƙe da baƙi da yaransu, da yadda matan aure, suna cikin kulle, suke dafa abincin sayarwa yara na kai musu talla.

To ka ga asirin ke nan. Gidan da kullum ake ɗora tukunyar baƙi, akwai manyan tukwane, akwai itace a jibge, akwai ɗakunan saukar mutane, akwai yaran aike, ga mata da suka san mudu nawa ke cika cikin mutum hamsin, ai biki ba sabon abu ba ne a wurinsa. Ranar biki rana ce irin ta kullum da aka ninka. Yaron gida ma in ya isa aure, sau da yawa maigidansa ne ke tsaya masa, a ɗaura a ƙofar gidansa, a kai amarya ɗaya daga cikin ɗakunansa.

Kowa da nasa aiki

Tsarin wuri a fili yake. Maza a zaure da ƙofar gida, mata a ciki. Ranar ɗaurin aure da sassafe yara za su share ƙofar gida, a yayyafa ruwa, a kwaso tabarmi daga masallaci da gidajen maƙwabta. Liman da waliyyai a zaure, jama'a a waje, a ambaci sadaki, a shafa fatiha, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar. Goro kuwa da ƙwarya ake lissafinsa, ƙwarya ɗaya goro ɗari. Nan ne muka fi 'yan'uwanmu na gida gata, don goron da ake kai musu a huhu daga hannunmu yake fita. Baƙin Arewa sukan koma da nasu a ƙulle a gefen zane suna ba da labari.

Aikin gaske yana can ciki. Tun saura mako ake fara daka da surfe, a tuƙa nakiya, a soya alkaki da dubulan na gara. A kafa murhu a bayan gida, nesa da inda yara ke wasa. Tukwane, akussa, kwanonin sha da faifai duk na aro ne, kowace mace ta san nata da alamar da ta yi masa. Akwai dattijuwa guda da ake damƙa wa makullin ɗakin abinci, ba mai ɗiban ko ludayi sai da saninta. Akwai wata mai kula da amarya tun daga kamu da sa lalle har kai ta ɗakinta. Ruwa kuma tun saura kwana biyu ake cika randuna da durorin gidan da na maƙwabta, daga rijiya ko famfo ko hannun 'yan ga-ruwa, don kakata takan ce, bikin da ruwa ya yanke masa ya watse ko da an yanka sa.

Sai baƙi. Wanda ya taso daga Kano ko Katsina ko Sakkwato, ya sha doguwar tafiyar jirgi, ba zai juya washegari ba. Sai ya yi mako, wani ma biyu. Ba a tara su gida ɗaya. Tun kafin su iso an raba: tsofaffi mata gidan wance, samari shagon wane, malamai zauren liman. Kowane gida ya san baƙinsa, ya san kuma zai ba su ruwan wanka da kokon safe.

Me ya sa mutane ke yin wannan wahala kyauta? Ai ba kyauta ba ce. A Hausa kalmar biki ba taro kaɗai take nufi ba, har da gudummawar da mace ke kai wa ƙawarta, wadda za a rama mata da ƙari ranar nata. Tukunyar da kika ba da aro yau, da ɗakin da ka buɗe wa baƙon wani, ajiya ce. A baƙon wuri, inda danginka na jini ke nesa da kai kwana da kwanaki, wannan bashin shi ne dangin.

Damina da wata

Abu guda da iyayenmu suka koya a nan wanda ba su zo da shi daga gida ba shi ne tsoron sama. A Arewa damina gajeriya ce. A Badun ruwa kan fara tun wajen Maris ko Afrilu, bai ɗaukewa sai ƙarshen Oktoba, da ɗan sararawa a Agusta wadda ba a dogara da ita. Dattawanmu ba su manta da ambaliyar Ogunpa ta ƙarshen Agustan 1980 ba. Ga shi kuma mu ba da watan Bature muke sa rana ba. An fi rububin aure kafin azumi da bayan salla, kuma shekarar Musulunci tana ja baya da kwana goma sha ɗaya a kowace shekara. Saboda haka akan yi shekaru a jere lokacin bukukuwa na faɗowa cikin ruwa, kamar yadda muka gani daga 2010 zuwa 2020. Dabarar da ita ce a ɗaura aure da hantsi, a kafa rumfa a kan murhu, a shigar da itace ɗaki, a kuma share kwata tun kafin ranar, don kada tsakar gida ta zama tafki.

Yadda tsakar gida ta ƙanƙance

Sauyi ya zo ta ƙofa biyu. Ta farko kuɗi da zama da maƙwabta. Bayan an canza kuɗi zuwa naira a 1973, arzikin mai ya shigo, biki ya fara kumbura. Muna ganin yadda Yarabawa ke nasu shagalin, muka ɗauki abin da muka ɗauka: ashobi, wanda muke ce wa anko, da kanofi, da kujerun haya, da lasifika, da tare layi. Tabarma ta ba kujera wuri. Tuwo da miyar taushe a akushi suka ja baya, shinkafa dafa-duka ta shigo, daga baya aka koma zuba ta a robar tafi-da-gidanka. Randa ta bar wa fiya-wata aiki a shekarun 1990. Janareto ya zama ɗan gida, don ba mai sa ranar biki ya dogara da wutar gwamnati.

Ƙofa ta biyu ta fi zafi, ita ce ƙasa. Jama'a ta ƙaru, filin unguwa bai ƙaru ba. Masu gida suka rasu, aka raba gado, kowane magaji ya ta da ɗaki a rabonsa. Tsakar gidan da ke ɗaukar mata ɗari ta koma lungun da mutum biyu ba sa giftawa. Zaure ya zama shago. Gidan da a da na mutum ɗaya ne da yaransa ya cika da 'yan haya da ba su san juna ba. Da ciki ya cika, biki ya fito titi. Da titi ya cika da motoci da 'yan acaɓa, sai aka nufi hol.

Kada mu zalunci hol. Akwai makewayi, akwai wurin ajiye mota, ruwan sama bai dame ka ba, matan gida kuma sun huta da kwana uku a bakin murhu. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne, kuma duk namijin da ke yabon bikin da, ya tuna ba shi ne ke shan hayaƙin ba. Amma hol ya zo da mai gadi da kati. Tsohuwar da ta yi wa amarya wankan jego tana jaririya ba ta da kati, ba ta da kuɗin anko, ba ta da na mota. Almajiri da makaho da a da suke da rabonsu a ƙofar gida, yanzu sai labari. Abin da a da ake biya da tukunya da ɗaki da hannu, yanzu da tsabar kuɗi ake biyansa, kuma kuɗi in sun tafi ba sa dawowa ranar bikin wani. Nawa ne cikin samarinmu suka kai shekara talatin da ɗoriya suna jiran kuɗin dina? Nawa ne iyayen da suka kai amarya ɗaki suka dawo suna ɓuyar masu bin bashi?

A 2020, da korona ta sa aka hana taruwa, dole ta mayar da mu gida. Aure ya ɗauru, amare sun tare, ba wanda aurensa ya ƙi albarka don ba a je hol ba. Sai dai mun gano wani abu: mun manta yadda ake yi. An ga gidan da aka tara mutane babu ruwan alwala, an ga inda aka ajiye janareto dab da tukunyar gas.

Abin da za mu ɗauka

Wanda zai yi biki a gida yau ba shi da tsakar gidan kakansa, amma tsarin kakan nan yana nan, kuma da maƙwabta yake farawa, ba da kanofi ba. Tun saura mako biyu a bi su gida-gida, Bahaushe da Bayarabe, Musulmi da Kirista, a kai goro ko alawa, a faɗi rana da lokacin da za a tashi. A sanar da mai unguwa. In za a taɓa titi, a nemi izini wurin hukuma, a kuma bar hanyar da mota za ta bi, don ba a san wadda naƙuda za ta kama a daren ba. A raba taro yadda aka saba, maza da hantsi, mata da yamma, sai ƙaramin wuri ya ɗauki jama'a biyu. A lissafa baƙin kwana, a san inda kowa zai sa haƙarƙarinsa. A tanadi ruwan sha daban, na girki da alwala daban. A roƙi makewayin gida biyu ko uku, a sa wanda zai riƙa wanke su. Murhu da gas gefe guda, janareto da fetur can wani gefen a sarari, inda hayaƙinsa ba zai shiga ɗaki ba. Kayan miya daga Shasha ko Bodija a sayo su saura kwana ɗaya, hatsi da mai kuwa tun da wuri. Makulli a hannun mutum ɗaya. Washegari kuma kafin rana ta take, a kwashe shara, a buɗe kwata, a mayar da kayan aro da ɗan abin godiya a ciki. Walima dai sunna ce, kuma Manzon Allah (SAW) ya nuna ko da akuya ɗaya ana yin ta.

Maƙwabcin nan nawa, a ƙarshe sun daidaita: ɗaurin aure a ƙofar gida, yinin mata a tsakar gidan da ke kallon nasa, wanda mai shi ya bayar ba ko kwabo. Kuɗin hol aka saya wa yarinya keken ɗinki. Da na je yi masa barka, na tarar yana rubuta sunayen waɗanda suka ba da aro a wani ɗan littafi. Na ce, "Alhaji, wannan fa?" Ya ce, "Bashi ne, Malam. Mai gidan can yana da 'yan mata uku."

Allah ya ba ma'auratanmu zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, ya jiƙan iyayenmu da suka kafa mana unguwar nan, amin.